Amshi Kaɗai Muka Riƙe

Har yau idan aka tsaga ɗanyar citta kusa da ni, sai in ji kamar za a ce in matsa in ba ƙanena wuri a tabarma. A gidanmu na Kwoi, idan an haƙe citta, ba mai cin tuwon yamma ya miƙe ƙafa. Da an kwashe kwanoni za a hura wuta a tsakar gida, a zazzage buhu, a miƙa wa kowa wuƙarsa. Mu jikoki goma sha ɗaya ne, kuma babu ko ɗaya a cikinmu mai ƙaunar aikin nan. Kaka ta san haka sarai, shi ya sa take riƙe mu da labari.

Kakannin wasu tatsuniyar kura da zomo suke yi. Tamu kuwa labarin kanta take bayarwa, ba ta kuma jin nauyin maimaita shi sau ɗari. Labarin 'Yan Jita ne.

Su uku ne. Mijinta Bitrus, wanda ya rasu kafin a haife mu, ya yi aikin reluwe a Kafanchan, a can ya samo wata tsohuwar jita a hannun abokin aikinsa. Idan tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke yake warwarewa ya ɗaura. Sai Laraba, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata, mai buga tulu da tafin hannu. Kaka ce mai ba da waƙa, jama'a su amsa. Ba su taɓa raɗa wa kansu suna ba, mutane ne suka ga jita suka laƙaba musu.

Kaka ba ta iya karatu ba. Da sassafe Bitrus zai buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta mata aya sau uku, ta ɗauke ta a baki ta tafi gona. Yini guda tana noma tana juya ta, har ayar ta sami murya. Da yamma ta rera masa, ya lalubo ta da jita, Laraba ta shigo da tulu. Dokarsu ɗaya ce, ba a ƙara kalma a aya, ba a ragewa.

"Wani aya kam, taurin kai ne da shi," in ji Kaka, da irin Hausarta da ba ruwanta da namiji ko mace. "Sati biyu ina ɗauke da shi, ya ƙi zama. Kakanku ya ce mu cire kalma ɗaya. Na ce, Bitrus, kai ne ka rubuta?"

Labarin da muka fi so shi ne na ranar da jirgi ya bar su. An gayyace su wani ƙauye bayan Manchok, inda majami'ar ta ciyawa ce, kuma mai karanta musu Littafi ya tashi ya bar garin. Hutun kwana biyu kawai Bitrus ya samu. Suka koya wa mutanen Zaburar nan ta barewa mai marmarin ruwa, kuma kafin rana ta faɗi mata sun haddace amshin, suna ta yi suna rausaya. Washegari Bitrus ya naɗe jita a zane, Laraba ta ɗora tulu a kai. Kaka ta nemi kujera ta zauna.

"Ya ce, Saratu, tashi, jirgi ba ya jiran mutum. Na ce, sun iya amshi, to wa zai ba su? In mun tafi, za su tsaya suna kallon juna ne?" in ji Kaka.

Ta zaɓi wata matashiya mai wushirya da ƙatuwar murya, ta ja ta gindin mangwaro, suka kama bayarwar layi bayan layi. Yarinyar ta kuskure, Kaka ta ce a sake. Suna cikin haka suka jiyo kukan jirgi. Bitrus ya zura da gudu da jita a ka, Laraba na biye tana dafe da tulu, Kaka kuwa ba ta tashi ba sai da yarinyar ta kai ƙarshe ba tuntuɓe. Da ƙafa suka bi layin dogo zuwa Kafanchan, kuma Bitrus bai ce mata uffan ba sai da suka wuce Kagoro.

A nan muke faɗuwa da dariya. Ƙanena Ishaya zai ɗora murfin tukunya a ka ya zagaye wuta yana haki, Kaka tana yi masa tsawa tana dariya. Daga nan ta goge hannu a zane, ta gyara murya, ta ba da waƙar barewa, mu kuma mu amsa. Muryarta ba mai zaƙi ba ce, ta ɗan dushe, amma tana hawa tana lanƙwasa kamar yadda yarenmu yake yi, ko da kalmomin na Hausa ne. Ina ƙaunar wannan lokacin fiye da yadda na sani a lokacin.

Kusan kullum idan an gama, sai ta nuna ni da wuƙa. "Rifkatu, ke ne mai murya a gidan nan. Zo ki karɓa." Ni kuma in ce, "Gobe, Kaka." Bayarwar tana da wuya, tana son dogon numfashi, amshi kuwa ko rabin barci kake za ka yi shi.

Da na tafi makarantar kwana a Kafanchan na shiga kwaya, ƙungiyar mawaƙan majami'a mai fiyano da lasifika, sai waƙoƙin Kaka suka zame mini kayan ƙauye. Gaskiya kunyarsu nake ji. An taɓa ɗaukar 'Yan Jita a kaset guda ɗaya, amma an yi ta aron sa gida-gida har ya ɓace, ban kuma damu in neme shi ba. Ƙarshen roƙonta, na zo Kirsimati ne da goyon 'yata ta fari. Ta kama hannuna ta ce, "Yau fa?" Na ce mata da Ista zan zo da rikoda mu zauna a tsanake. Ba ta kai Ista ba.

Ranar jana'iza fasto ya ce jikoki su fito su yi ɗaya daga cikin waƙoƙinta. Muka jeru mu goma sha ɗaya. Laraba ta daɗe da rasuwa, wata daga zumuntar mata ce ta ɗauki tulu ta fara bugawa. Kowa ya juyo ya dube ni. Na buɗe baki, babu komai. Kalmomin na san su, na san shafin da suke. Muryar ce babu. Na ji ta sau ɗari, amma ashe duk lokacin da Kaka take bayarwa, ni jiran nawa wurin kawai nake yi.

Muka tsaya shiru, tulu na tafiya. Can, ba wanda ya ɗaga hannu ko ya ƙifta ido, sai duk muka faɗa amshi a tare, daidai inda ya kamata. Muka sake yin shiru iya tsawon layinta, muka sake amsawa. Haka muka yi har ƙarshen waƙar. Majami'a ta rushe da kuka, daga baya ana ta yaba mana, wai mun bar wa Kaka wurinta. Ba shiryawa muka yi ba. Rabin waƙa muka iya.

Na yi shekaru kafin in gane cewa labarin jirgin nan ba don mu yi dariya take ba da shi ba. Ni take gaya wa. Matar da ta sa mijinta ya taka daga Manchok zuwa Kafanchan don kada baƙi su zauna da amshi kaɗai, ta yi shekara ashirin tana jiran jikarta, ba ta samu ba. Wannan yana cin raina har yau.

Amma a cikin labarin nan dai na sami abin kamawa. Akwai wadda ta karɓa, matashiyar nan mai wushirya. In tana raye ta tsufa tukuf, in ta rasu wataƙila ta bar wa wata. Sai dai ban taɓa tambayar sunanta ba, ko sunan ƙauyen. Kaka "ƙauyen da jirgi ya bar mu" kawai take ce masa, mu kuma muna can muna kallon Ishaya da murfin tukunya.

Yanzu idan na sami Lahadi, bas nake shiga zuwa Manchok, in hau babur zuwa wata ƙaramar majami'a da ban taɓa zuwa ba. Bayan sujada in gaishe da tsofaffin mata, in roƙe su su ɗan zauna. In yi musu amshin barewa, sannan in yi shiru iya tsawon layin Kaka, ina duban bakinsu. Na je majami'u tara. A ta ƙarshe wata tsohuwa ta ce mini, "'Yata, me ya sa kina tsayawa? Ci gaba mana."

Na ce, "Mama, nan ba wurina ba ne. Jira nake a ba ni."