Kawu da Kashi Na Biyu

Motar farko da na saya a ƙasar nan tsohuwa ce, ja. Na same ta a hannun wani bature mai gyaran famfo a Ardwick, lokacin ina horon zama GP, wato likitan unguwa, a Manchester. Tagar bayanta ba ta sauka, hita sai ta ga dama take aiki, sannan akwai faifan CD a cikin rediyon da ya ƙi fitowa. Na danna maɓalli, na zura bakin cokali, na kai wa makanike ya ce sai dai a cire rediyon gaba ɗaya. Na bar shi.

Faifan na wata tsohuwar ƙungiyar makaɗan rok ne, masu kiɗan jita da ganga, Turawa huɗu, irin waɗanda iyayen abokan aikina suka yi samartaka da su. Ban san su ba. A aljihun motar na tsinci kwalinsa, baƙi da tambari ruwan zinare, an rubuta fitattun waƙoƙinsu, kashi na biyu. Ban taɓa tambayar inda kashi na ɗaya yake ba. Wata shida ina jin faifan nan safe da yamma a cunkoson hanyar aiki, har na san inda mawaƙin zai ja numfashi. Akwai waƙa ta bakwai, mai sanyi, da fiyano, wadda nake ƙure murya in bi in an tsaya a danja, sai na ga direban bas yana leƙo ni sannan in kama bakina.

Ina da kawu a Birmingham, yayan mahaifiyata. Injiniya ne da ya yi ritaya, ya zo karatu tun kafin a haife ni bai koma ba. Gidansa na Sparkbrook, taku kaɗan daga masallacin da yake cikin kwamitinsa. Farin gemu, doguwar riga, tabarau a ƙarshen hanci. A gidansa talabijin ta labarai ce kawai, kuma ko labaran da gyara yake jin su. Ranar da zan taho Ingila, abin da mahaifiyata ta ce min a filin jirgi shi ne duk abin da Kawu ya faɗa in bi. Don haka in zan je gaishe shi, hijabina mafi tsawo nake sawa, in durƙusa tun daga bakin ƙofar falo.

Wata Asabar aka yi walimar suna a Manchester, jikan wani tsohon abokinsa. Kawu bai daɗe da yin aikin ido ba, an hana shi tuƙi, sai na tafi da safe na ɗauko shi. Kafin in isa layinsu na kashe rediyo, na tura kwalin faifan ƙarƙashin kujera. Muka kama hanya yana ba ni labarin yadda samari ke ajiye motoci a ƙofar masallaci ranar Juma'a ba tsari, ina cewa "Gaskiya ne, Kawu." Mun tsaya a service station, wurin hutawar matafiya, muka yi azahar. Da muka dawo na tayar da mota, na juya zan ajiye jakata a baya, sai igiyarta ta bugi maɓallin rediyo.

Ganga ta cika motar, jita ta biyo baya da ihu. Na rasa maɓallin da na danna sau dubu. Na kunna abin share gilashi, na kunna fitilar haɗari. Kafin in samu in kashe, mawaƙin ya riga ya yi layi biyu.

"Kawu, ka yi haƙuri, wallahi da shi na sayi motar, ya maƙale ne..."

"Mayar da shi," in ji Kawu.

Na ɗauka so yake ya ji girman laifin kafin ya yanke hukunci. Na kunna. Ya karkata kai, ya lumshe idon da aka yi wa aiki, ya saurara har waƙar ta kai rabi. Sannan ya girgiza kai kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa.

"Kashi na biyu ne wannan."

"Na'am?"

"Na ce kashi na biyu ne. Duk duniya ki rasa abin da za ki ji sai kashi na biyu? 'Yar nan, wannan ai bayan sun lalace ne."

Daga nan har muka shiga Manchester Kawu ne ke ta ba ni labari. Ashe shekara huɗu Kawu ya yi a unguwar Fallowfield ta Manchester yana ɗalibi, a ɗakin sama na wani gida mai sanyi da suka haɗa da wasu Turawa uku. Ashe a lokacin sumarsa ta kai girman ƙwarya, yana sa wando mai buɗaɗɗen ƙafa. Ya san sunan kowane ɗaya daga cikin mutum huɗun nan, ya san wanda ya fara fita daga ƙungiyar da dalilin fitarsa, ya san makaɗin gangar da aka kawo daga baya, wanda ya kira da ɗan kwangila. Da muka bi ta Fallowfield ya sa na rage gudu, ya nuna min wani shagon sayar da kaza ya ce a da can shagon faifai ne. A wurin walima ya koma Kawun da na sani, har shi aka ba ya yi addu'a. Muna fitowa, kafin ya ɗaura bel, ya ce, "Ina muka tsaya?"

Da na mayar da shi gida da daddare, ya sa na hau kujera na sauko masa da wani akwati daga saman kabad. A ƙarƙashin tsofaffin takardun zanen gadoji ya zaro kashi na ɗaya, a naɗe cikin tsohuwar hular sanyi. Ya ce na garmaho ya lalace tun tuni, wannan na CD ne da ya saya don ajiya.

"Ki je ki ji, daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Ranar Lahadi zan kira ki."

A flat ɗina na ji shi a kwamfuta, tunda motar ta riga ta zaɓi nata. Tun daga kwalin na ga bambanci. A kashi na ɗaya ga su nan su huɗu zaune a kan matattakala, ramammu, gashi har kafaɗa, fuska a murtuke kamar masu jiran hukuma ta ba su gida. A na biyu babu hoton kowa, tambari kawai, kuma daga baya da na nemi hotunansu na lokacin na gane dalili: duk sun yi teɓa. Waƙoƙin farko kuwa hayaniya ce zalla. Makaɗin ganga kamar yana jin haushin gangar, mai jita in ya kama sai ya manta akwai sauran mutane a ɗakin. Mawaƙin yana ta ƙorafi: budurwa ta gudu, mai gida ya kore shi, jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi. A kashi na biyu murya ta yi laushi, an shigo da fiyano da na'urori da amshin yara, kuma damuwarsa ta tashi daga budurwa ta koma kan zaman lafiyar duniya da kaɗaicin da ke damun mutum a babban otal.

Ranar Lahadi bayan azahar waya ta yi ƙara.

"To, Likita, me kika gani?"

"Kawu, na farkon akwai ƙarfi, amma..."

"Babu amma. Yunwa ce take waƙa a na farko. Kin ji muryar nan? Mutumin da bai ci abincin rana ba ne. Na biyun kuwa an ƙoshi, an sayi gidan gona, an ga likitan haƙori. Wanda yake da wurin ninkaya a harabar gidansa me zai gaya min game da baƙin ciki?"

"Amma sun fi iya kiɗan a na biyu, Kawu. Komai a tsare."

"Takardar haraji ma a tsare take. Kina sa ta a mota?"

Haka muka yi makonni. Kowace Lahadi waƙa biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, kamar ana gwada shanu a kasuwa. Kawu yana da littafin rubutu da ya ja wa layi da rula, inda yake ba kowace waƙa maki. Ni kuma, da na ga ba za a kai ƙarata Kano ba, sai na samu baki. Na ce masa waƙa ta huɗu a kashi na ɗaya minti tara ce, kuma shida daga ciki mai jita ne yake neman hanyar fita. Ya ce a zamaninsu yara ba sa magana haka. Na ce masa shi ma ai ya bar ɗakin sama na Fallowfield ya sayi gida mai lambu, ko shi ma ya lalace ne? Ya ce in gaida mutanen Manchester, ya ajiye waya. Lahadi ta gaba bai kira ba.

Wadda ta kira ni ita ce matarsa, Hajiya, mace mai fara'a da ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar yara. Ta ce ranar Alhamis za a sake duba idon Kawu, ko zan samu hutu in kai su. Sannan ta rage murya.

"Wai me kika yi wa Kawunki yake ta zagaye gida yana ƙunƙuni?"

Na gaya mata komai. Ta yi dariya har da tari.

"Kashi na biyu? Shi ne ya ce miki haka? Makon da ya fito Alhaji ya bi layi ya sayo kaset ɗinsa. Akwai wata mai fiyano, da ita yake lallashin babbar yayarku in ta ƙi barci, yana jijjiga ta yana rerawa. Sai da kaset ɗin ya tsinke ya liƙe shi da salatif. Wani abokinsa bature na Fallowfield ne ya zo ya gani ya yi masa dariya, tun daga ranar ya ce bai san zancen ba."

Ranar Alhamis na ɗauke su, Kawu a gaba, Hajiya a baya. Mun gaisa a taƙaice. Muna hawa Stratford Road, bas biyu suka tare hanya, muka tsaya cak. Na miƙa hannu na kunna rediyo, na danna har waƙa ta bakwai.

Kawu ya juya yana kallon shagunan yadi ta taga. Fiyano ta shigo. Na saci kallonsa, sai na ga babban yatsansa yana taɓa gwiwa a hankali. Da aka zo amshi, Hajiya ta ɗauka daga baya da muryarta ta malamar yara, Turancinta tsaf, kiɗan kuwa ta bar shi can wani wuri. Ta yi layin farko, ta shiga na biyu ta sauya kalma ɗaya.

"Ba haka ba ne," in ji Kawu, bai juyo ba. Ya faɗi layin daidai. Sannan ya faɗi na bayansa. Na uku kuwa rera shi ya yi, ƙasa-ƙasa, har da jan numfashi a inda mawaƙin ke ja.

Waƙar ta ƙare. Bas ɗin gaba ya motsa.

"Wannan ɗayar," Kawu ya ce yana gyara tabarau, "tun zamanin farko suka rubuta ta. Ajiyewa suka yi."

"Kawu, takardar cikin kwalin ta ce..."

"Kuskuren ɗab'i ne."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Hajiya, tana danne dariya da gefen mayafi.

Kiran Lahadi ya dawo, sai dai an daina kawo littafin. A shekarar da ta biyo baya kamfanin faifan ya fitar da wani sabon tari, wai an haɗa mafi kyau daga kashi biyun a faifai ɗaya. Kawu ya hau bas da kansa ya je cikin gari ya sayo. Da yamma ya kira ni, ranar ma ba Lahadi ba ce, a fusace. Sun cire mai minti tara, sun kuma cire mai fiyano. A karon farko muka tsaya a layi ɗaya ni da shi.

Ya zauna ya rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi huɗu, da lambobi da ƙananan lambobi kamar rahoton gada, ya aiko min in duba masa waƙafi. Ban taɓa ko ɗaya ba, don babu kuskure. A ƙasa ya sa hannu da cikakken sunansa da duk haruffan digirinsa.

Bayan wata biyu amsa ta zo: kati bugagge, an gode masa da kasancewa masoyi na gaske, da ƙaramar baƙar riga mai hoton mutum huɗun a kan matattakala. Kawu ya ce wannan raini ne, ko karanta wasiƙar ba su yi ba, ya ce a jefar. Hajiya ta wanke rigar ta goge ta sa masa a cikin kayan sanyi. Ita ce ta gaya min cewa a watannin hunturu yakan sa ta a ƙarƙashin doguwar rigarsa in zai fita, yana cewa audugarta ce mai kyau.