Yadda Na Ara Wa Kuɗin Sirri Fuskata

Ba zan faɗi sunana ba. Akwai kunya a ciki, amma tsoro ya fi yawa, domin har yau akwai mutanen da in suka san inda nake kwana, ba da sallama za su shigo ba. Abin da zan iya gaya muku, ku samari da 'yan matan da waya ba ta barin hannunku, shi ne ni direba ne, kuma kafin wannan abu ya same ni ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Daga wani ƙauye na Jigawa na zo Kano. Shekara tara na yi ina tuƙa wani Alhaji ɗan kasuwa a Nassarawa GRA. Mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni haƙƙina ba. Ina da ɗaki a bayan gidansa, matata da 'ya'yana biyu suna Giginyu, ina zuwa musu duk ƙarshen mako. Aibina ɗaya ne, kuma ni a lokacin ban ɗauke shi aibi ba: Allah ya ba ni jiki da cikar fuska. In na saka kaya masu kyau na fito daga mota, sai mutane su gaishe ni su bar Alhaji a tsaye. Shi dariya yake yi. Ni kuwa abin ya riƙa shiga kaina, har na fara ɗaukar hoto a jikin motarsa ina sakawa a waya, ina jin daɗin masu rubuta mini "Allah ya ƙara arziki, Alhaji."

Shekarar da ciwon ƙafa ya matsa wa Alhaji, aka fita da shi waje neman magani, matarsa Hajiya ta bi shi. Gida ya rage daga ni sai Baba Iro maigadi, wani dattijo daga Katsina. A wannan lokacin ne wani mutum da ake kira Bash ya same ni a wurin wankin mota. Ya ga hotunana, kuma ya san ni direba ne, bai ɓoye ba. Ya ce, "Malam, wannan fuskar taka asara take yi a bayan sitiyari."

Ya yi mini bayanin sana'arsa. Ya ce a cikin kuɗin intanet da ake kira kirifto akwai wani iri na musamman, wanda in ka tura wa mutum, babu mai iya ganin wanda ya tura, ko wanda ya karɓa, ko nawa ne. Ya ce a wasu ƙasashe mutanen kirki ma suna amfani da shi don kada a riƙa leƙa musu aljihu. Amma a nan Kano ya yi wata shida yana tallarsa, babu mai saye. Da ya buɗe baki sai a ce, "A'a, wannan ai kuɗin masu garkuwa da mutane ne da 'yan ƙwaya." Hotunan tallar ma da aka turo masa daga waje, wani mutum ne ya rufe fuska da baƙar hula yana zaune a duhu. Bash ya ce, "Wane Bakano ne zai ba wa mai rufe fuska kuɗinsa? Mutanenmu ba sa sayen abu, mutum suke saye. Su ga gida, su ga riga, su ji ya ambaci Allah."

Abin da yake so ɗan kaɗan ne, in ji shi. In tsaya a bakin get ɗin Alhaji, mota a bayana, in karanta abin da ya rubuta, minti biyu. Kuɗin da ya ambata ya fi albashina na wata uku. Na ce zan yi shawara. Ban yi shawara da kowa ba. Washegari mai guga ya kawo manyan rigunan Alhaji, na zari wata farar shadda na saka.

Bash ya san aikinsa, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya cire kalmar "ɓoye" daga bakina gaba ɗaya. Ya hana ni cewa kirifto fiye da sau ɗaya. Manhajar da ya buɗe ya sa mata launin kore da fari, ni kuma ya raɗa mini suna Alhaji Mai Rufin Asiri. Abin da nake faɗa a bidiyon har yanzu yana kaina: "Jama'a, iyayenmu a tukunya suke binne kuɗinsu don kada maƙwabci ya sani. Yau kuɗinka na shiga banki, gobe wani ya kira ka daga daji ya faɗa maka ko nawa ne. Rufa wa kanka asiri." Da azumi ya zo, ya sayo buhunan shinkafa, muka raba a bakin get ana ɗauka. Abin da wata shida ya gagara, cikin sati uku ya kama kamar wutar kara. 'Yan kasuwa, ma'aikata, matan aure masu adashi, kowa yana tura naira, manhaja tana nuna masa lamba, hankalinsa ya kwanta.

Da tsoro muka yi talla, wannan shi ne gaskiyar magana. Mutane a tsorace suke da a san suna da wani abu, mu kuma muka kama wannan tsoron muka ja su da shi.

Wasu ba su yarda da bidiyo kaɗai ba, sai sun zo sun ga gidan. Na ce wa Baba Iro duk wanda ya zo neman Alhaji Mai Rufin Asiri ya kira ni. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, rigar aro ba ta rufe katara. Ni dai ban ji ba, ban gani ba." Amma yana kiran nawa, don ina ba shi na goro.

A cikin masu zuwa akwai wata da ba zan manta ba, Malama Rifkatu. Malamar firamare ce 'yar wajen Zariya, tana zaune a Kawaji, ta yi ritaya bayan shekara talatin da wani abu tana koyarwa. Ta zo da rana tsaka da lema a hannu. Na sa Baba Iro ya kawo mata kujera ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ta ce an biya ta kuɗin sallama, kuma tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, domin an taɓa sace ɗan ƙanwarta a hanyar garinsu, waɗanda suka sace shi kuma sun san har albashin ubansa. Ta ce, "Alhaji, ɗana ya hana ni, ya ce kuɗin miyagu ne. Na ce bari in je in gani da idona. To, gani ya kori ji. Mai gida irin wannan me zai yi da ɗan abin da na tara?"

Wallahi a lokacin kalma ɗaya ta isa, in ce mata, "Mama, ni direba ne, tashi ki tafi." Sai na ji kaina ina cewa, "Ki kwantar da hankalinki, Malama, amana ce." A gabana ta tura kuɗin. Da za ta tafi har ta yi mini addu'a.

Daga ranar tsoro ya zauna mini a ciki. In waya ta yi ƙara sai in zabura, ina zaton Alhaji ne ya ga bidiyon. In na je Giginyu ba na iya cin tuwo, matata tana tambaya ko zazzaɓi ne. Na ce wa Bash ni na gaji, a sauke bidiyon. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai abin da ya hau waya ba ya sauka." Na tambaye shi kuɗin mutanen nan suna ina. Ya ce suna inda babu mai ganinsu, ba abin da muka yi alkawari ke nan ba?

Ashe gaskiya ya faɗa. Duk nairar da aka tura yana mayar da ita wancan kuɗin sirrin, ya zuba a asusun da shi kaɗai ke da mabuɗinsa. Lambobin da mutane ke gani a manhaja zane ne kawai.

Wata Talata da safe manhaja ta ƙi buɗewa. Na kira Bash, waya a kashe. Na je ofishin da ya kama haya, an kwashe har labule. Kafin azahar na dawo na tarar da layinmu, layin da ko tari ba a yi da ƙarfi, ya cika da mutane. Na shige ta ƙaramar ƙofa na kulle kaina a ɗaki. Ina jin ana dukan get da duwatsu, ana kiran sunan da Bash ya raɗa mini. Wani yana ihu a kawo fetur. Baba Iro yana rantsuwa yana cewa mai gidan yana asibiti a ƙasar waje, babu mai sauraronsa. Ban taɓa sanin mutum yana iya jin ƙarar haƙoransa ba sai ranar. Da jami'an tsaro suka fasa ƙofar ɗakina, wallahi daɗi na ji, don na san aƙalla ba ƙona ni za a yi ba. Da za a saka ni a mota na hango Malama Rifkatu can gefe. Ba ta ihu, ba ta zagi. Kallona kawai take yi, ina sanye da singileti da silifas.

Mai binciken da aka haɗa ni da shi mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam, ina kuɗin?" Na ce suna wurin Bash. Ya ce wane ne Bash, ɗan gidan wa, ina hotonsa? Sai a lokacin na lura ban san cikakken sunansa ba, kuma duk bidiyon da muka yi shi ne a bayan kyamara. Asusun da ake tura naira da takardun bogi aka buɗe shi. Mai binciken ya ce da kuɗin banki ne, ko ma irin kirifton da ake iya bin sawunsa, da sun bi har inda ya tsaya. "Amma wannan da kuka yi wa talla, an yi shi ne don kada a ga kowa. Ba mu ga wanda ya karɓa ba. Ba za mu kuma iya ganin cewa ba kai ne ka karɓa ba." Ya juyo mini da wayarsa, ga ni cikin shaddar Alhaji ina murmushi. Ya ce, "A duk harkar nan, wannan kaɗai muke da shi."

Kotu ta ɗaure ni shekara huɗu. Alhaji ya dawo a keken guragu ya tarar an ɓata masa suna, bai zo ya gan ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Baba Iro ya rasa aikinsa saboda ni. A gidan yari ma ban huta ba, don akwai waɗanda 'yan'uwansu suka yi asara, kuma duk sun san fuskata. Na yi wata da watanni ba na juya wa kowa baya. A can na koma ga Allah da gaske, ba irin ambaton da nake yi a gaban kyamara ba. Na rubuta wa Malama Rifkatu takardar neman gafara ta hannun wani fasto mai ziyartar fursunoni. Ya dawo ya ce ta bar Kawaji, haya ta gagare ta, ta koma garinsu ta wannan hanyar da take tsoro.

Na fito bara. Yanzu adaidaita sahu nake ja, na wani ne. Ga abin da zan ce muku, 'yan'uwana. Ni ban san ilimin kuɗin nan ba, masana sun ce shi kansa ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya ce ku ba shi dukiyarku ya ajiye inda babu mai gani, ku tambaye shi: in kai ka gudu, wa zai gan ka? Kada gida ya ruɗe ku, kada riga ta ruɗe ku, ni na san inda ake samo su. Kai kuma da za a ce ka tsaya gaban kyamara minti biyu a biya ka, ka duba wanda ya ƙi tsayawa, ka tambayi kanka dalili.

Watan jiya na ɗauki wata mata daga Nassarawa zuwa Kawaji. Muna tsaye a danja sai na ji muryata tana fitowa daga wayarta: "Rufa wa kanka asiri." An canza sunan manhajar, an canza launi, amma ni ne. Na rame, gemuna ya yi fari, ba ta gane ni ba. Ta miƙo wayar ta ce, "Malam, don Allah ka san wannan Alhajin? An ce a GRA yake. Ina so in saka kuɗin makarantar yarana."

Akwai mutane ko'ina a bakin titin, kuma na san abin da ihu ɗaya zai jawo mini. Na yi tunanin in ce ban san shi ba, in sauke ta, in wuce. Sai na gangara gefe, na kashe mashin, na cire hulata, na juyo.

Na ce, "Hajiya, ki dube ni da kyau."