Mushe Idi da Gajeren Faransa

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro a hannun kawuna, Mushe Idi (Mushe ake ce ma malamin lakwal), ya san tsayuwarshi: hannun dama cuse cikin riga wajen ƙirji, kamar mai ciwon ciki. Wai haka wani sarkin yaƙin Faransa ke tsayawa cikin littafin tarihi. Bai kiranshi da suna, sai dai Gajere, kai ka ce tare suka yi kiwo. Shi ma kawun ba tsawo gare shi ba.

A wajenshi, rabin abin da ke duniyar nan Gajere ya kawo shi. Ya je sayen nama, ya ce ma mahauci, "Kilon nan naka, yaƙin Gajere ya yaɗa shi. Ba don shi ba, da yanzu da ido kake awo."

Mahauci ya ce, "Allah sarki. Shi ma cewa yake a cire mishi ƙashi?"

Matarshi, Inna Hajo, ba ta raga mishi. Ran da akuya ta shiga rumbu ta gagare shi kora, ta ce, "Malam, mutuminka ya ci ƙasashe, kai akuya ta ci ka."

Ya ce, "Shi yana da sojoji. Ni ko, ke kaɗai gare ni."

Amma wata kaka, a ƙauyenmu wajen Korahane, shanu suka shiga gonakin gero. Samari suka ɗauko sanduna da gatura za su rugar masu shanun. Ina cikinsu. Kawu ya tare hanya, ya ce, "Yaƙi ba taswira? Ku zauna."

Tsohon malaminmu ne, dole muka zauna. Ya zana Rasha a ƙasa da sanda, ya shiga ba mu labarin yadda Gajere ya kai runduna can, sanyi da yunwa suka cinye ta. Mai hamma ya sha ranƙwashi. Bai kai ga dawowar sojojin ba sai ga maigari da arɗo sun iso tare, an riga an sasanta.

Daga baya na tambaye shi ko da gangan ya yi. Ya ce, "Wane gangan? Katse ni suka yi."

Ranar jana'izarshi, mutanen rugar ne suka fara sa kafaɗa ga makara. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya mishi makwanci.