Tsagar Eriyarmu Tana Kallon Yamma

Sharaɗin Baba ɗaya ne: sai ya ji da kunnensa abin da nake faɗa a rediyo. In wata ya ƙare bai ji ba, in tattara kayana in koma gida. Lokacin ban daɗe da fara gabatar da shirin mata a wani ƙaramin gidan rediyo a Daura ba, ina zaune wurin goggona. Ƙauyenmu kuwa yana gaba da Sandamu, ta gabas.

Na yi shirin farko, na kira gida. Inna ta ce shuuu kawai suke ji. Na biyu ma haka. Baba ya canza batir, ya ɗaura wa rediyonsa waya ya rataya a darbejiya, duk a banza. Amma mutanen hanyar Katsina, da suka fi mu nisa, kullum sai sun bugo suna gaishe-gaishe. Abin ya tsaya mini a rai.

Ni ba injiniya ba ce, sakandare na gama. Amma ina da ido. A bangon ɗakin inji akwai takardar da wanda ya ƙera eriyarmu ya bari. Eriyar bututun ƙarfe ce a tsaye bisa hasumiya, da doguwar tsaga a gefe guda. Ya zana yadda murya ke bazuwa daga jikinta: ba da'ira ba ce, ta kumbura ta wajen tsagar, ta motse ta baya. Ya ja kibiya ya rubuta gabas, don ƙauyukan can aka fi nufi.

Da la'asar na fita na ɗaga kai. Rana tana haska cikin tsagar. Yamma take kallo!

Na tarar da dattijon mai waldan da ya ɗora ta yana shan shayi da manaja a bakin ƙofa. Na gaishe su a gurguje.

"Malam, wa ya ce a juya ta yamma?"

"Ni na ce. 'Yata, daga ina hadari yake tasowa?"

"Gabas."

"To! In bar ta baki buɗe, ruwa ya cika bututu ya yi tsatsa? Ko rumbu ba a yi masa haka."

Manaja ya tuntsire da dariya. "Injiniya ta iso! Malama, ke dai je ki riƙe makirfonki."

"Ranka ya daɗe, ga takardar nan."

"Takardar ce za ta hau sama? Sai bayan damina."

Ba dattijon ne ya ba ni haushi ba, shi ruwa ya sani, kuma a kan ruwa bai yi ƙarya ba. Manajan ne. Ko kallon takardar bai yi ba, don a hannuna take. Rabin mutanen da aka kafa gidan dominsu ba sa jin komai, shi ko a jikinsa.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare. Ana maimaita shirina ran Asabar, sai na je gida da kaina na ce Baba ya ɗauko rediyonsa. Ya yi ta faɗa a mota, wai na mayar da shi yaro. Muka ratsa Daura muka fita ta hanyar Katsina, muka sauka gindin wata tsamiya. Yana murɗawa sai ga muryata tar, ina bayanin yadda ake adana wake ba tare da an barbaɗa masa guba ba.

Ya saurara har aka gama. Ya kashe rediyon.

"Kin cika sauri, kamar ana korar ki. Amma ba ki faɗi abin kunya ba. Zauna a aikinki."

Muna jiran mota ya ƙara da cewa, "Ita uwar taki fa? Nan zan riƙa kawo ta duk Asabar?"

Damina ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Har yau tsagar tana kallon yamma, kuma Inna ba ta taɓa jin muryata a rediyo ba.