Ƙofar Bature

Shekarar da na fara noman rani a Kura, malamin gonar da aka turo mana ɗan ƙasar Filifin ne. Da yake fari ne, sai muka sa masa Bature.

Wata rana muna gyaran fangali, ya dube ni ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ka daina ce mini Bature. Mu mutanen kan dutse ne. Da hannu kakannina suka sassaƙe tsaunuka, suka yi gonakin shinkafa hawa-hawa, na sama ya sha ruwa ya sakar wa na ƙasa. Turawa sun ci mutanen kwari, amma mu sun daɗe ba su iya hawo mana ba."

Na yi dariya, na ce ai duk kanwar ja ce. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma gida.

Yau sunansa na gaskiya ya ɓace mini, na ƙabilarsa kuwa ban taɓa tambaya ba. Ƙofar ruwan da ya gina tana nan tana shayar da gonata. Jikokina Ƙofar Bature suke ce mata, kuma a bakina suka ji.