Kafin Ruwan Koko Ya Tafasa

Ranar Talata, sha tara ga watan Yuni na shekarar 2001, da hantsi, Ubangiji ya kira mahaifina, Malam Maitama Ayuba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a tashar Ƙauran Namoda. Shekarunsa saba'in da huɗu bisa faɗarsa, ko da yake Inna ta ce ya zaftare biyu. Ina cikin aji a Shinkafi aka aiko mini. Kafin motarmu ta iso Ƙaura an riga an rufe masa ido.

Baba, ni ce Kyauta, babbar ɗiyarka, wadda kake cewa bakinta ya fi ƙafarta sauri. Fasto ya ce in rubuta abin da za a karanta a gaban ikilisiya. Wasu za su faɗi yadda ka yi shekara talatin kana bin layin dogo da guduma a kafaɗa, da yadda ka ɗauki bulo a ka lokacin ginin majami'a. Ni abu ɗaya zan faɗa, domin shi ke ci mini rai, kuma ina da laifi a cikinsa.

Sujadar safe, wato addu'ar da iyali ke yi tare, ba da sauƙi ta kafu a gidanmu ba. Inna ta ce sau uku kana farawa tana rushewa. Ka gwada bayan tuwon yamma, muna gyangyaɗi muna zubewa a kan tabarma. Ka gwada a lokacin da ka samu sarari, sararin kuwa bai taɓa samuwa ba, yau kana aiki, gobe jirgi ya makara. Daga baya ka ce za ka ɗaure ta a jikin abin da ba ya fashi, kuma a unguwarmu abin da ba ya fashi shi ne kiran sallar asuba. Ladan na buɗe baki za ka buga ƙofar ɗakinmu da sandarka. Ka ce su sun tashi neman Allah, mu kuma kunya ce a same mu kwance.

Doka ta biyu ta Inna ce. Kafin mu zauna za ta ɗora tukunyar ruwan koko a murhu. Waƙa ɗaya, karatu kaɗan daga Maganar Allah, sai addu'a. Ruwa na tafasa za ta ce, "Malam, ya tafasa," kai kuma ka ce amin ko da kana tsakiyar magana. Ka ce yara ba addu'ar suke gudu ba, tsawonta ne ke korarsu. Ni da rashin jin magana nakan faki ido in tura kara cikin wuta don a yi a gama. Ashe kana gani. Ba ka ce mini kanzil ba, sai wata safiya ka sa Inna ta ɗora babbar tukunyar biki, ta cika ta fal. Ranar har ƙafata ta yi tsami a zaune.

Sai kuma sunaye. Kowa zai kawo sunan mutum ɗaya a yi masa addu'a, kai kuma ka rufe da maƙwabta, gida gida, kana kiran kowa da sunansa. Na taɓa kawo sunan malamar da ta zane ni a makaranta, ina fatan ka roƙa mata masifa, sai na ji kana roƙa mata lafiya da ƙarin girma. Na yi kwana biyu ina kumbura. Kuma ba a tabarma abin ke tsayawa ba. Wanda aka kira sunansa da safe saboda ciwo, kafin magariba ka leƙa shi, ko da lemo biyu ne a aljihu. Ƙarar injin jirgi ta taɓa maka kunne, don haka ba ka san kana ɗaga murya ba. Addu'arka har waje ake jin ta, kuma shekara da shekaru ba wanda ya damu.

Sai aka kafa Shari'a a jiharmu. A farko ka ce mana dokar masu ita ce, mu dai mu kiyaye bakinmu. Amma da rikicin Kaduna ya ɓarke a watan Fabrairu na bara, gari ya canza. Kiristocin da suka zo daga wasu jihohi suka fara loda kaya a manyan motoci. A majami'a benci uku suka zama babu kowa cikin mako ɗaya. Na baro Shinkafi na zo da niyyar in kwashe ku, ka dube ni ka ce a nan ƙauyen Banga aka yanke cibiyarka, ina nake so ka nufa?

A wannan zuwan na tarar da abin da ya fi tayar mini da hankali. Malam Halilu, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, ɗiyarsa Salima ta dawo gida wankan jego, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, har tana sambatu. Kai kuma kowace asuba kana kiran sunanta da wannan murya taka. Lado, ƙanen Halilu, ya shiga gari yana cewa ya ji da kunnensa, Kiristan nan na buɗe littafi da duku-duku yana kiran sunayen Musulmi ɗaya bayan ɗaya, kuma tun da ya fara kiran Salima ba ta ƙara tashi ba. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan aka ce an kira sunan mutum a kan wani abu da asuba. Asiri ake nufi. Da a wata shekara ce da an yi dariya an wuce. A waccan shekarar ba wanda ke dariya. Matan da ke sayen daddawar Inna suka ɗauke ƙafa. Wata safiya muka tarar an watsa toka a bakin ƙofarmu.

Baba, ka yafe mini abin da na yi. Na tsaya a kanka ina faɗa kamar ba kai ka haife ni ba. Na ce Allah ba kurma ba ne, yana jin abin da ke cikin zuciya. Na ce idan aka cinna wa gidan nan wuta da Inna a ciki, alhakinta na wuyanka. Wannan maganar ce ta karya ka, na gani a fuskarka. Ka yarda ka rage murya, ba don ka gamsu ba. Kwana uku muka yi sujada a ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe, babu waƙa, kana raɗa kamar mai ciwon maƙogwaro.

Ni da nake ganin na fi kowa wayo, ashe rami na haƙa mana. Lado ya ce to ga shi nan, da can da ƙarfi yake yi, yanzu da asirinsa ya tonu ya koma raɗa a bayan ƙofa, mai gaskiya me zai ɓoye? Waɗanda da suke shakka ma suka yarda.

Ranar Juma'a, ana idar da sallar asuba, muka ji takun ƙafafu sun tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Mutum kusan goma sha biyar ne, Lado a gaba da gora a hannu, Malam Halilu a gefe, idonsa ja don rashin barci. Ba su yi sallama ba. Na kama hannun Inna ina neman ta inda za mu haura katangar baya, ita da ko kujera ba ta iya hawa.

Ba ka dube ni ba. Ka ce wa Inna ta ɗora tukunya. Ka naɗe tabarmarka, ka ɗauki Littafin, ka zare sakata da hannunka. A waje ka shimfiɗa tabarmar, a gaban ƙafafunsu, ka zauna, ka gaishe su da kwana. Ba wanda ya amsa.

"An ce ina yin wani abu a ɓoye," ka ce. "To ga shi, zan yi shi yadda na saba. In kun ji abin da ya cancanci duka, ga ni zaune, ba sai kun fasa ƙofa ba."

Ka fara waƙa da wannan muryar taka da ba ta taɓa bin kari daidai ba. Inna ta amsa daga cikin zaure. Ni kuwa na laɓe a bayan ƙyaure ina leƙe. Ka yi karatu, yatsanka na bin layi, kana tuntuɓe a inda ka saba tuntuɓe. Wani daga baya ya ce a bar ɓata lokaci. Na ga Lado ya gyara riƙon gorarsa. Sai ka rufe ido, a gaban mutanen da suka zo dukanka, ka shiga sunaye.

Ka kira mu 'ya'yanka. Ka roƙa wa masu mulki tsoron Allah, ka roƙa wa waɗanda aka kashe wa dangi a Kaduna haƙuri, ba ka ware kowa ba. Ka bi unguwa gida gida. Da ka iso kan Halilu, kowa ya kasa kunne. Ka ce Allah ya ba shi ƙarfin zuciya, ya sa gonarsa ta yi albarka bana. Ka ce Allah ya dubi Salima, ya sauke mata zafin jiki, ya tashe ta ta shayar da ɗiyarta. Ka ce Allah ya sauƙaƙa wa Lado ciwon gwiwar da ke hana shi durƙuso. Lado ya dubi gwiwarsa, ya dubi mutane.

Malam Halilu ya matso har inuwarsa ta rufe ka. Ya ce, "Maitama, abin da kaka cewa ke nan?" Ka ce shi ke nan. Ya tambaye ka tun yaushe kake kiran sunansa. Ka ce tun shekarar da ya tare a gidan, shekara ashirin da biyu ke nan. Can daga cikin gida, da yake sabo ba ya jin tsoro, sai muryar Inna ta fito: "Malam, ya tafasa." Ka ce amin. Halilu ya juya ya ce wa mutane kowa ya kama gabansa, ɗiyarsa ce ke kwance, ba ta wani ba.

Ba zan yi ƙarya a kan kabarinka in ce komai ya gyaru ba. Lado bai ƙara gaishe ka ba har ka bar duniya. Wasu matan ba su dawo sayen daddawa ba. Kuma bayan kwana tara Salima ta rasu. Da na ji kuka ya tashi a bayan katanga na ce tamu ta ƙare, na fara ɗaure kayan Inna a zane. Kai kuwa ka sa hula ka fita, ka zauna cikin masu zaman makoki, a ƙarshen tabarma. Wasu suka janye jiki. Halilu ya taso daga wurinsa ya zo ya zauna kusa da kai, har aka tashi.

Washegari da asuba baƙin ciki ya danne maka murya. Da ka iso inda sunan Salima yake, sai ka tsaya, ka kasa wucewa. Sai muka ji ana buga katanga da tafin hannu.

"Maitama, ɗaga murya, ba ni jin ka. Ka sa Muhsina a gurbin uwarta."

Muhsina ita ce jaririyar da ta bari. Tun daga ranar ba ka tsallake sunanta ba ko sau ɗaya, Inna ta ce har safiyar Talatar da ka tafi.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. A gidana na Shinkafi babu sujadar safe. Na fara bayan aurena, na bari. Na ce aiki ya yi yawa, na ce yara ƙanana ne, daga baya na ce zamani ya lalace. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma ko bayan abin da na gani da idona tsoron bai sake ni ba. Duk lokacin da ka tambaye ni ko muna yi, sai in ce muna ƙoƙari. Ka san ƙarya nake, ka yi shiru kamar yadda ka yi ranar da nake tura kara a wuta.

Malam Halilu bai shiga majami'a ranar jana'izarka ba, ba mu kuma sa ran ya shiga ba. Amma kwana uku yana zaune a ƙofar gidanmu yana karɓar gaisuwa tare da ƙannena. A rana ta ukun, da yamma, ya sa aka kira ni zaure. Ya tsufa ƙwarai a shekarar nan. Ya yi mini ta'aziyya, ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Kyauta, yau kwana uku ban ji sunana ba."

Na koma ciki na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Washegari da ladan ya kira asuba na ɗauki sandarka na buga ƙofofi. Inna ta ɗora tukunya. Na zaunar da jikokinka a tabarmarka, a tsakar gida, kusa da katanga. Gabana na faɗuwa, ba zan ɓoye ba, kuma har yau yana faɗuwa. Amma na ɗaga murya, kuma ban tura kara a wuta ba. Mijina ya ce in mun koma Shinkafi za mu fara, na ce masa mun riga mun fara, tukunya kawai za a canza.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba, ya ba ka hutu a wurin Yesu da ka bauta wa ba tare da ɓoyo ba. Ya ta'azantar da Inna Ladidi, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana gaya maka ruwa ya tafasa. Ya ƙarfafa ƙannena da jikokinka da danginmu na Banga, da ikilisiyar Ƙaura da ta rasa dattijo a lokacin da take bukatarsa. Ya zaunar da jiharmu lafiya, ya cire mana tsoron juna. Ya sauƙaƙa wa Lado ciwon gwiwarsa. Ya raya Muhsina. Ya ba Malam Halilu haƙurin rashin maƙwabci, kuma in yana bayan katanga yana saurare, ya ji an kira sunansa. Amin.