Mai Minshari a Layin Marasa Barci

A bencin asibiti, inda mu marasa barci ke jiran likita, wani mutum ya cika mana kunne da surutu. Kumatunsa sumul, idonsa fari tas kamar na jariri, rigarsa ta sha guga. Mu kuwa idanunmu jajur, ko maganar ma ƙarfi take ci.

"Ni fa rabona da barci tun bara," yake gaya wa tsohuwar da ke gefensa. "Iya, ki riƙa jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, za ki ba ni labari."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, ƙafar har ta gaji da jiƙo."

Na san irinsu. Sau ɗaya sauro zai tashe su, gari na wayewa su tara iyali a yi ta yi musu sannu. Ina jin matarsa na can tana hana yara motsi, wai maigida bai runtsa ba.

Yana cikin bayanin wani man shafawa sai muryarsa ta yi ƙasa. Kansa ya karkato, ya sauka a kafaɗata. Ga minshari, har da miyau.

Duk layin ya zuba masa ido, kamar mayunwata suna kallon mai cin nama. Raina ya ba ni in ture shi ya sha ƙasa, amma ko motsi ban yi ba. Shekara da shekaru barci bai matso kusa da ni haka ba.